Baƙi biyu da suka koya mini Ingilishi a Tawa

Na shafe shekaru fiye da 30 ina koyar da Ingilishi a kwalejojin jihar Tawa kafin in ajiye aiki, kuma tambayar da iyayen yara suka fi yi mini a tsawon wannan lokaci ita ce yadda aka yi ɗan manomi daga kwarin Majiya, wanda babu wanda ya taɓa shiga makarantar boko a gidansu, ya ɗauki harshen da ba na iyayensa ba, ba kuma na Faransawan da suka mulki ƙasarsa ba, ya mai da shi sana'arsa. Amsar tana wurin mutane biyu, dukansu baƙi a Nijar: wata budurwa Ba'amurkiya da ta koyar da mu shekara biyu, da wani magidanci ɗan ƙasar Gana da ya karɓe mu daga hannunta. Ba zan kama sunayensu ba, domin ban nemi izininsu ba, amma ina so in ba da shaida a kan abin da suka yi mini da ƴan ajinmu tun ina da sauran ƙarfi, saboda da yawa daga cikin waɗanda suka san labarin sun riga mu gidan gaskiya.

An haife ni a shekarar 1964 a wani ƙauye na ƙasar Buza. A wancan zamani ba iyaye ne ke kai yaro lakwal, wato makarantar boko, ba, mai gari ake aiko wa da adadin yaran da ake bukata, shi kuma ya bi gida-gida ya zaɓa. Da sunana ya faɗa cikin waɗanda aka rubuta a 1971, mahaifina ya karɓi abin a matsayin ƙaddara, ya ce Allah ya sa alheri ne. Tun daga ranar farko da Faransanci ake yi mana magana, kuma akwai abin da ake kira sambol, wani ƙashin dabba da aka huda aka zura wa igiya, wanda ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta. Wanda aka rataya wa ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani, wanda kuma yamma ta riska da shi a wuya shi ke shan bulala. Ban faɗi wannan don in ci mutuncin malamanmu na firamare ba, domin sun yi aiki cikin wahala, musamman a farin 1973 da 1974 lokacin da yara da yawa suka bi iyayensu kudu neman abinci, kuma su ma da haka aka koyar da su. Sai dai tsarin ya dasa mana abu biyu a zuciya: cewa yaron da ya yi shiru a aji shi ke kwana lafiya, da kuma cewa harshen da uwarka ke yi maka magana da shi abin kunya ne a gaban masu ilimi.

A 1977 na ci jarrabawar fita firamare, aka ba ni gurbi a kwaleji a Tawa, na sauka gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda tela ne a kusa da babbar kasuwa. A tsarinmu ana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, kuma a lokacin ƙasar ba ta da isassun ƴan ƙasa masu koyar da shi, domin jami'ar Yamai kanta ba ta daɗe da kafuwa ba. Saboda haka gwamnati ta dogara da baƙi. Kaso mai yawa daga cikinsu matasan Amurka ne na ƙungiyar Peace Corps, wadda muka fi sani da sunanta na Faransanci, Corps de la Paix. Shugaba John F. Kennedy ya kafa ta a 1961, kuma rukunin farko da ya sauka Nijar a 1962, zamanin Shugaba Diori Hamani, mutum 7 ne, dukansu malaman Ingilishi. Ƙa'idarsu ita ce kowane ɗan sa-kai ya yi shekara biyu, ya koyi harshen mutanen da aka tura shi cikinsu, ya kuma zauna irin zamansu gwargwadon iyawarsa.

Tamu malamar Mis kawai muke ce mata. Takan zo a kan keke, ɗaure da zane da kallabi kamar matan gari, da kwando a bayan keken, kuma a cikin kwandon nan darasinta yake: albasa, ƙwarya, buta, tsintsiya, madubi, wani lokaci har da takalmin yaro. Sai ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, mu maimaita, ta miƙa wa ɗaya daga cikinmu ta ce ya sayar wa na kusa da shi, su yi ciniki da Ingilishi har a daidaita. Mu da muka saba zama shiru hannu a ƙirji, sai ga aji guda ya kaure da surutu, kowa da abokin cinikinsa. A makon farko surbeyan ɗin makarantar, wato mai kula da ladabtar da ɗalibai, ya shigo da sauri da dorina a hannu, yana tsammanin faɗa ya ɓarke. Ta tare shi a bakin ƙofa cikin ladabi, ta ce masa da Hausarta mai tuntuɓe: “Malam, ka yi haƙuri, ba faɗa suke yi ba, aiki suke yi.” Ya tsaya ya dube mu, ya dube ta, ya juya ya fita. Wannan ne karo na farko da na ji malami ya yi Hausa a cikin aji, a gaban hukuma, ba tare da ya rage murya ba.

Akwai wani ɗan ajinmu, Ba'abzine daga wajen Abalak, mai i'ina sosai, wanda malamai suka daina kira domin yana cinye musu lokaci. Ranar da ta fara kiransa ya miƙe yana rawar jiki, kalmar farko ta maƙale masa, wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta tsawata wa kowa ba. Ta jingina da tebur, ta harɗe hannu, ta zuba masa ido da fuska a sake, tana jira. Ba ta ƙarasa masa jimlar ba, ba ta kuma ce ya zauna ba. Dariyar ta mutu da kanta, ajin ya yi tsit, yaron nan ya yi ta kokawa har ya kai ƙarshen maganarsa, ta ce masa madalla, ta wuce ga na gaba kamar babu wani abin mamaki da ya faru. Daga ranar kullum sai ta kira shi. Bayan shekaru shi ne ya zama jagoran masu yawon buɗe ido a Agadas, yana kai Turawa duwatsun Ayar da hamadar Tenere, yana yi musu bayani da Ingilishi da Faransanci, har zuwa lokacin da tawayen shekarun 1990 ya tsayar da wannan sana'a. I'inarsa ba ta bar shi ba har ya rasu, amma bai ƙara jin tsoron buɗe baki a gaban mutane ba.

Gidan da aka ba ta yana unguwarmu, don haka nakan gan ta da yamma zaune a tabarma cikin matan maƙwabta, suna tsince shinkafa ko suna kitso, ita kuma tana da ɗan littafi a cinya tana rubuta abin da ta ji. Tana kuskure, mata suna shewa, ita ma ta yi dariya ta sake gwadawa. Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Ga mace da ta gama jami'a a ƙasar da muke jin labarin ta tura mutane duniyar wata, ta zauna a ƙasa tana roƙon Inna, matar kawuna, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta gyara mata magana. Idan har Hausa ta isa a ƙetaro teku a zo a koye ta da littafi da alƙalami, to ashe ba abin rataya wa yaro ƙashi a wuya ba ce. Babu ranar da Mis ta tsaya ta yi mana huɗuba a kan darajar harshenmu. Ganin ta a kan tabarmar nan ne ya warware mini abin da shekaru shida na firamare suka ƙulla.

A shekara ta biyu ta ba mu aikin hutu: kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa ya ɗauko tatsuniya ɗaya, ya rubuta ta da Hausa yadda ya iya, sannan mu mayar da ita Ingilishi tare a aji. Na je ƙauye na zauna gaban kakata da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, tana mamakin abin da anasara za ta yi da labarin Gizo da Ƙoƙi. Da muka dawo Mis ta buga tatsuniyoyin a keken rubutu, ta juya su a injin kwafi na makaranta mai warin tawada, ta ɗinke su da zare, kowa ya sami nasa, da sunansa da sunan tsohuwar da ta ba shi labarin a ƙasan shafi. Ban da wannan tana da wani akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafan karatu da danginta ke aiko mata, tana ba da aro ranar Asabar, mai aro ya rubuta sunansa da kansa a rajista. Ba ta taɓa sa wa akwatin kwaɗo ba. A ƙarƙashin fitilar titi ta bakin kasuwa na karanta yawancinsu, domin kananzirin gidan kawu na aikin ɗinki ne.

Ba duk abin da ta sa gaba ne ya yi nasara ba, kuma shaidata ba za ta cika ba idan na ɓoye wannan. Akwai yarinyar da ta fi mu duka kai a ajin, ƴar wani mahauci, wadda aka sa ranar aurenta muna tsakiyar shekara ta biyu. Mis ta hau kekenta ta tafi gidan ita kaɗai, ta sami uban a zaure cikin abokansa, ta roƙe shi ya bar yarinyar ta gama kwaleji. Niyyarta kyakkyawa ce, amma hanyar da ta bi ba ita ba ce. Da ta nemi shawarar Inna ko ta darektan makaranta, da an gaya mata cewa ba a tunkarar magidanci da irin wannan magana a gaban mutane, sai a bi ta wurin limamin unguwa ko yayarsa ko wani dattijon da yake jin nauyi. Uban ya karɓe ta da mutunci, ya ba ta ruwa, ya ce ya ji, kuma aka ɗaura auren a ranar da aka sa. Na ga Mis ta shigo aji washegari idanunta jajur. Yarinyar nan yanzu dattijuwa ce a nan Tawa, muna gaisawa, kuma ta gaya mini da bakinta cewa tun daren da aka kai ta ɗaki ta ɗauki alkawari babu ƴarta da za a cire daga makaranta. Ta cika alkawarin: babbar ƴarta ungozoma ce, ta biyun tana koyarwa.

A ƙarshen shekarar karatu ta 1979 wa'adinta ya cika, ta bar akwatin littattafan a hannun makaranta, ta raba kayan ɗakinta ga maƙwabta, ta tafi. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma nan ne raunin tsarin nasu yake a ganina: shekara biyu ta ishi mutum ya koyi harshe ya fara gane inda ake taka ƙafa, kuma daidai lokacin da ya gane sai a ce ya tattara ya koma, wani sabo ya zo ya faro daga farko.

Wanda ya karɓe mu mutum ne da ba a cika tunawa da irinsa ba idan ana maganar malamai baƙi. Ɗan Gana ne, daga yankin Kumasi, magidanci mai ƴaƴa da ya baro a gida. A ƙarshen shekarun 1970 tattalin arzikin Gana ya durƙushe, hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977, albashin malami bai kai shi ko tsakiyar wata, don haka ƙwararrun malamai suka watsu neman abinci, mafi yawansu zuwa Najeriya, wasu kuma suka iso har nan. Shi babu wata ƙungiya a bayansa, babu ofishi a Yamai da ke aiko masa da magani ko jarida, babu jirgin da zai ɗauke shi idan ya kwanta ciwo. Ɗaki ɗaya ya kama haya, yana da riga fara guda biyu da yake wankewa da kansa yana gogewa da dutsen guga na gawayi, kuma ban taɓa ganin ya makara ba.

Wata ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya kawo yadi shagon kawuna a ɗinka masa wando, ina zaune ina sa maɓalli. Kawu ya ji harshensa ya tambaye shi daga ina, ya ce daga Kumasi. Kawu ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya yi shiru har na ɗaga kai na dube shi. A zangon Kumasi kawuna ya koyi ɗinki, a can ya yi aurensa na farko, kuma yana cikin dubban ƴan Nijar da aka koro a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama makonni biyu ya bar ƙasar. Ya sayar da kekensa da arha, ya hawo babbar mota da abin da hannunsa ya iya ɗauka, kuma tun da na san shi ba ya son a ambaci Gana a gabansa. Ranar sai ga shi yana ba baƙon labarin tiryan-tiryan, rabi da Hausa rabi da harshen Asante da ban taɓa sanin yana ji ba. Malamin ya saurara har ƙarshe, ya cire hularsa ya ce: “Maigida, abin da aka yi muku bai dace ba. Ina ɗalibi a lokacin, na ga maƙwabtanmu suna kuka a tasha. Ga shi yau ni ne baƙo a garinku.” Kawu ya ce: “Malam, ba kai ka kore ni ba. Kana koya wa ɗana karatu, gidan nan gidanka ne.” Bai karɓi kuɗin ɗinkin ba, kuma daga ranar Inna ta ƙara kwano ɗaya a rabon tuwon dare, ni ke kai masa.

Koyarwarsa ta sha bamban da ta Mis. Babu kwando, babu waƙa, sai nahawu da shifta da insha'i duk mako, wanda yake gyarawa da jan bik har takardar ta koma ja, sannan ya sa ka sake rubutawa. Ba ya duka, amma kallo ɗaya idan ya yi maka ka gwammace bulala. Da farko mun ƙi shi, muna ta kwatanta shi da wadda ta tafi, shi kuma ya sani, har wata rana ya ce mana: “Mis ta buɗe muku baki, kuma ta kyauta. Ni aikina in gyara abin da ke fitowa daga ciki.” Idan na kai masa tuwo yakan tsayar da ni mu saurari labaran BBC na Ingilishi a ƙaramar rediyonsa, bayan an gama ya kashe ya ce in faɗa masa abin da na ji, in na yi tsalle a wani wuri ya mayar da ni. A hankali wasu ƴan ajin suka riƙa biyo ni, har ƙofar ɗakinsa ta zama aji na biyu, kuma bai taɓa karɓar ko dala ɗaya a hannun kowa ba, alhali mun san yana ƙirga abin da zai aika wa iyalinsa. Da na girma na shiga aikin na gane cewa da ba don shi ba, da Ingilishin da Mis ta ba mu ya tsaya a na ciniki da gaisuwa, bai isa ya ci jarrabawa ko ya rubuta takardar neman aiki ba.

A hannunsa na fara ganin amfanin harshen a rayuwar Adarawa, mutanen yankinmu na Tawa. Nijar da Najeriya suna da iyaka ta kusan kilomita 1,500, kuma mutanenmu mutanen ci-rani ne, babu gidan da ba shi da wani a Sakkwato ko Kaduna ko Legas. Lokacin da aka yi wa Inna aikin ido a Kano, an sallamo ta da takarda da kwalaben magani, duk bayanin da Ingilishi, kawu ya rasa wanda zai karanta masa. Na karanta, na gaya musu wanda ake ɗigawa safe da yamma da wanda ake ɗigawa da dare kaɗai, da ranar da aka ce ta koma, sannan na ruga wurin malam ya tabbatar mini ban yi tsallake ba. Kafin wata ya zagayo labari ya bazu a unguwa, aka riƙa kawo mini wasiƙun ƴan ci-rani da rasiɗan kwastan na Illela da takardun kayan gyaran mota. Mahaifina, wanda ya ɗauki lakwal a matsayin ƙaddara, ya zo Tawa ya tarar da dattawa zaune a zauren kawu suna jiran in dawo daga makaranta, kuma daga wannan zuwan bai sake tambaya ta yaushe zan dawo gona ba.

Na ci birebe, jarrabawar fita kwaleji, a 1981, na wuce lise, wato babbar sakandare, na sami bak, takardar shaidar gama ta, a 1984, shekarar yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi. Na shiga sashen Ingilishi na jami'ar Yamai, wadda tun 1992 ake kira Jami'ar Abdu Mumuni, ina ƙetare kogin Kwara ta gadar Kennedy, mai ɗauke da sunan mutumin da ya kafa ƙungiyar da ta aiko mana Mis. Bayan aikin bautar ƙasa na roƙi a turo ni jiharmu, aka amince.

Shekarun 1990 sun yi wa malamai tsanani. Albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, yajin aiki ya ci shekarun karatu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar kuɗinmu na sefa da rabi. Abokan aikina da dama sun bar alli sun koma ƙungiyoyin agaji ko kasuwanci, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya riƙe ni shi ne tunanin mutumin nan mai riga biyu da ya yi aikinsa tsakani da Allah a ƙasar da ba tasa ba, cikin halin da ya fi nawa ƙunci. A aji kuwa na haɗa hanyoyinsu biyu: rabin sa'a na farko yara su yi ta magana ko da kuskure, rabi na biyu mu zauna mu gyara da jan bik. Ban taɓa shiga aji da bulala ba, ban taɓa hukunta yaro don ya tambaye ni da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci ba, kuma duk shekara nakan aiki ɗalibaina wurin kakanninsu su ɗauko tatsuniya.

A 2005, bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan damina sun jefa jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram cikin yunwa, ƙungiyoyin agaji da ƴan jarida masu magana da Ingilishi suka cika gari suna neman tafinta. Na yi wannan aiki a lokacin hutu a cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Baƙin suna sauri, suna son amsa gajera da za ta shiga takardarsu, uwar yaro kuwa sai ta faro daga gaisuwa, ta bi ta kan gonar da ba ta yi ba da mijin da ya tafi Libiya, kafin ta iso ga ranar da yaron ya daina cin abinci. Nakan ce wa likita ya dakata ta gama, domin sau da yawa abin da yake nema yana cikin wannan doguwar hanyar, kuma a wurin Mis na koyi wannan jira. A cibiyoyin nan na tarar da tsofaffin ɗalibaina suna aikin tafinta da na rajista da na jinya, wasu har sun fi ni sakin baki.

Malamin Gana ya koma gida a 1983, ya aiko wa kawu wasiƙa ɗaya da hoton iyalinsa, daga nan labari ya yanke. Mis kuwa ɗana ne ya nemo mini ita a Facebook bayan na tsufa. Ta zama kaka, ta yi aikinta na koyar da ƴaƴan baƙin haure Ingilishi a wata makarantar gwamnati a Amurka har ta yi ritaya, kuma ta rubuto mini cewa a tabarmar matan unguwarmu ta koyi yadda mutum ke ji idan yana da magana a ciki amma harshe ya ƙi ba shi hanya. Da na gaya mata labarin ƴar mahaucin nan da ƴaƴanta, ta ce abin ya daɗe yana damun ta, ta roƙe ni in kai mata gaisuwa, na kuwa kai.

Na san akwai masu cewa ƙasashen da ke turo irin waɗannan matasa suna da manufarsu, kuma ban musa ba, domin babu gwamnatin da ke kashe kuɗinta a banza. Amma ni abin da na gani da idona shi nake ba da shaida a kai, kuma abin da na gani malama ce da ta jira mai i'ina ya gama maganarsa. Peace Corps ta bar Nijar a Janairun 2011, bayan an sace wasu samari Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai aka kashe su. Ta kwashe ƴan sa-kanta 98 da ke ƙasar, bayan fiye da 3,000 sun yi aiki a nan tun 1962. Malaman Gana ma sun daɗe da komawa. Yau Ingilishin da ake koyarwa daga Ƙonni har Abalak a hannun ƴan ƙasa yake, kuma idan ka bi salsalar da yawa daga cikinmu za ka tarar da wani baƙo a farkonta.

A watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Na yi farin ciki da na ga wannan rana, ni da aka rataya wa ƙashi a wuya saboda Hausa, amma rubutu a kundi ba ya koyar da yaro. Yawancin matasan da ke riƙe da azuzuwan Ingilishi a ƙauyukanmu ƴan kwantaragi ne, an ba su aji mai cunkoso, wani a rumfar zana, babu littafi a hannun yara, babu wanda ya taɓa zama a bayan aji ya ga yadda suke koyarwa ya ba su shawara. Abin da suke bukata daga hukuma shi ne horo na gaskiya da littattafai da albashi a kan lokaci. Kafin wannan ya samu, ni da wasu abokaina biyu da muka yi ritaya mun buɗe musu zaurena duk ranar Asabar da hantsi. Kowa yakan zo da darasin da zai koyar a mako mai zuwa, ya gwada shi a gabanmu, mu zauna a matsayin ɗalibai, sannan mu tattauna inda ya yi kyau da inda za a gyara. Waɗanda ke nesa suna turo muryarsu ta WhatsApp mu saurara mu mayar musu da amsa, kuma mun fara tattara tatsuniyoyin da ɗalibansu suka rubuta da Hausa da Ingilishi domin mu buga su a raba wa makarantun da ba su da abin karantawa.